Ɗan Jirgin Ruwan da Ya Kuɓuce wa Masu Shi

A watan Janairun 2025, wasu masu ɗora zane a shafin Printables, wanda kamfanin Prusa Research na Jamhuriyar Cek ke gudanarwa, suka wayi gari da saƙon cewa ana sauke ayyukansu. Abu ɗaya ya haɗa ayyukan: dukkansu sauye-sauye ne da aka yi wa wani ɗan jirgin ruwa mai suna 3DBenchy. Wasu sun ƙara masa ado, wasu sun karkatar da siffarsa don raha.

Jirgin bai cika tafin hannu ba. Tsawonsa milimita 60, faɗinsa 31, tsayinsa 48. Daniel Norée ne ya zana shi, kamfanin Creative Tools na ƙasar Suwidin ya fitar da shi a Afrilun 2015, domin gwada firintar 3D, wato na'urar da ke narka roba tana shimfiɗa ta sala bisa sala har ta gina abu a zahiri. An cusa wa jirgin duk abin da ke ba irin wannan na'ura wuya: ƙirji mai lanƙwasa da ke rataye ba madogara, ƙofofi da tagogi, siririn bututun hayaƙi, da ƙananan haruffa. Wanda ya sayi sabuwar firinta yakan fara da shi, ya auna abin da ya fito, ya san inda na'urarsa ta gaza.

Lasisin da aka sake shi da shi ya ba kowa damar saukewa, da bugawa, da rabawa, har da sayarwa. Abu ɗaya ya hana: raba jirgin da aka sauya. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sayen hatsi. Idan kowane mai awo zai ƙwanƙwasa mudunsa yadda ya ga dama, mudu ya tashi daga ma'auni ya koma kwano. Kusan shekara goma sharaɗin yana kwance, mutane na ta sauya jirgin, masu shi sun kawar da kai. A 2024 kamfanin NTI na ƙasar Denmak ya sayi Creative Tools, don haka da aka fara sauke zane-zanen sai kowa ya nuna sabon mai gida da yatsa. NTI ya ce shi bai nemi a sauke komai ba. Prusa ya ce ƙorafin daga wani ɓangare daban ya zo, kuma tunda lasisin a rubuce yake, babu yadda zai yi ya ƙi bin sa.

Sharaɗin da masu shi suka bari ya yi barci, wani daban ya tashe shi. Wannan ɗan rikici ya tattaro tambayar da masu zanen injiniya suka daɗe suna fama da ita: ta yaya mutum zai raba zanensa, amma ya ci gaba da riƙe ikon gyara shi da ikon zaɓar wanda zai taɓa shi?

Uwar zane da 'ya'yanta

Burin ya girmi intanet. A 1963, Ivan Sutherland ya gabatar da kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka, a kan wata manhaja da ya kira Sketchpad, wadda ake ɗauka kakar manhajojin zanen injiniya na yau da ake kira CAD a taƙaice. Da alƙalami mai haske ake zane a fuskar kwamfutar TX-2. Cikin dabarun da ya zo da su akwai ta uwar zane da 'ya'yanta: a zana ƙusa ɗaya, a kafa ta a wurare hamsin cikin babban zane, in an gyara uwar sai 'ya'yan hamsin su gyaru nan take. Hakan ya yiwu ne saboda uwar da 'ya'yan suna cikin kwamfuta ɗaya, a ɗaki ɗaya. Matsala ta fara ne ranar da 'ya'yan suka soma barin gida, da farko a cikin faifai, daga baya ta intanet. Kwafin da ya fita ba ya ƙara jin labarin uwarsa.

Kafin a kai ga maganar doka, masu sana'ar sun gano wata hanya mai sauƙi ta riƙe linzami, wato zaɓar irin fayil ɗin da za su bayar. Fayil na asali, wanda manhajar zane ke ajiyewa, yana ɗauke da tarihin aikin da ƙa'idodinsa: wannan rami faɗinsa milimita 8, yana nesa da gefe da milimita 20, kuma duk faɗin da aka ƙara wa farantin zai ci gaba da zama a tsakiya. Mai wannan fayil lamba ɗaya zai canza zane ya sabunta kansa. Shi kuwa fayil ɗin STL, wanda aka ƙirƙira a 1987 don na'urorin kamfanin 3D Systems, fata ce kawai: dubban ƙananan alwatika da aka jera suka ba da siffar waje. Ba ya ma faɗa ko da milimita aka auna ko da inci. Ana iya buga shi, ana iya yi masa faci, amma gyara na haƙiƙa sai an sake gina zanen. A tsakaninsu akwai STEP, ma'aunin ƙasa da ƙasa da aka fara fitarwa a 1994, wanda ke riƙe ainihin siffa daidai amma galibi ba tare da tarihin yadda aka gina ta ba.

Tela da ya miƙa ɗinkakkiyar riga ya riƙe littafin awo ya san wannan dabara, haka ma mai zanen gida da ke ba mai gini takarda ko PDF ya ajiye fayil ɗin DWG a kwamfutarsa. Duk gyaran da ya taso, wurinsa za a dawo.

Kamfanonin manhaja kuwa ta kalma suka ɓullo wa lamarin. Autodesk, wanda ya fitar da AutoCAD a Disambar 1982, ya dage cewa shi ba ya sayar da manhajarsa, izinin amfani yake bayarwa. Wani ɗan kasuwa a Amurka, Timothy Vernor, ya sayi tsofaffin faya-fayan AutoCAD Release 14 daga wani ofishin masu zanen gine-gine, ya sa su kasuwa a eBay. Kotun farko ta ba shi gaskiya, amma a Satumbar 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ta ce idan mai haƙƙi ya bayyana cewa lasisi ne, ya taƙaita miƙa kayan ga wani, ya kuma gindaya sharuɗɗan amfani masu nauyi, to mai riƙe da faifan bai mallake shi ba. Shekara biyu bayan haka babbar kotun Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam a shari'ar UsedSoft da Oracle, inda ta halatta sake sayar da lasisin dindindin. A 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma karɓar kuɗin wata da na shekara. Saye ya zama haya.

Masu buɗe ƙofa

A daidai lokacin da wannan ke faruwa, wasu sun nufi kishiyar hanya. A 2005 Adrian Bowyer, malamin injiniyanci a Jami'ar Bath ta Ingila, ya fara aikin RepRap: firintar da za ta iya buga yawancin sassan jikinta da na roba, ta haifi wata. Ya saki zanen a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda asalinsa na manhaja ne, mai sharaɗin cewa duk wanda ya gyara ya raba, dole ya raba gyaran a kan sharuɗɗan da ya samu. A 2008 na'urar ta buga sassan 'yarta ta fari. A 2009 wa'adin rajistar ƙirƙira da kamfanin Stratasys ke riƙe da ita a kan dabarar narka roba ya cika, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa. Ɗaya daga cikinsu shi ne MakerBot na unguwar Brooklyn a New York, wanda Bre Pettis da Adam Mayer da Zach Smith suka kafa a farkon 2009. Watanni kaɗan kafin nan, a Nuwambar 2008, an buɗe shafin Thingiverse domin jama'a su riƙa ɗora zane-zanensu, kuma MakerBot ne ya ci gaba da riƙe shi.

Mai ɗora zane a Thingiverse yakan zaɓi lasisi daga jerin da aka tanada, mafi yawa na Creative Commons, waɗanda aka fara fitarwa a Disambar 2002. Sharuɗɗansu huɗu ne da ake haɗawa: a ambaci mai zane, kada a yi kasuwanci, kada a raba abin da aka sauya, ko a raba gyara a kan lasisi iri ɗaya. Da yawa sun danna zaɓi cikin daƙiƙa biyu ba tare da sun lura da kalmar da ta fi kowace nauyi a cikin takardar ba, wato cewa lasisin ba ya janyuwa. Mai zane na iya sauke fayil ɗinsa daga shafi. Yana iya fitar da siga ta biyu a kan wasu sharuɗɗa masu tsauri, ko ya sa mata kuɗi. Amma duk wanda ya riga ya samu siga ta farko yana da damar ci gaba da amfani da ita da raba ta, muddin yana kiyaye sharuɗɗan. Magana zarar bunu ce.

Ba kuskure ba ne aka rubuta haka. Babu mai hankalin da zai kashe wata shida yana gina na'ura a kan zanen wani in ya san mai zanen na iya tashi gobe ya ce ya fasa. Rashin janyuwar shi ne abin da ya sa kyautar ta zama abin dogaro, shi ne kuma abin da mai bayarwa ke biya. A aikace irin wannan lasisi ya fi ɗaure mai bayarwa a kan mai karɓa, domin mai bayarwa sananne ne, alƙawarinsa a rubuce, masu karɓa kuwa dubbai ne a ƙasashen da bai san su ba.

Ko gwamnati ba ta iya mayar da bunun da aka zara ba. A Mayun 2013 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta umarci ƙungiyar Defense Distributed ta sauke zanen wata bindigar roba mai suna Liberator. Ƙungiyar ta bi umarni, amma an riga an sauke fayil ɗin fiye da sau 100,000 cikin kwana biyu.

MakerBot ya ɗanɗani nasa rabon a 2012. A watan Agusta wani ya fito neman tallafin jama'a a Kickstarter domin ƙera Tangibot, kwafin firintar Replicator ta MakerBot da za a haɗa a ƙasar Sin a sayar da rahusa. Bai karya wata doka ba, tunda zanen a buɗe yake. Neman tallafin bai yi nasara ba, amma saƙon ya isa, musamman ga kamfanin da ya karɓi jarin dala miliyan 10 a shekarar da ta gabata. A Satumba aka fito da Replicator 2 ba tare da an saki zanenta ba. Tsohuwar na'urar ta ci gaba da zama ta kowa, sabuwar ta zama ta kamfani. Hanyar da ta rage ke nan ga wanda ya riga ya raba, ya rufe abin da ke tafe.

Fushin jama'a ya sa aka koma aka karanta ƙa'idodin amfani da Thingiverse, waɗanda aka sauya a farkon shekarar. A ciki, mai ɗora zane yana ba kamfanin izini marar janyuwa na amfani da zanensa, ban da lasisin da ya zaɓa wa sauran jama'a. Kamfanin ya ce wannan harshen lauyoyi ne da kowane shafi ke buƙata kafin ya iya nuna fayil ya raba shi. Josef Průša, matashi ɗan Cek da ya yi suna wajen inganta zanen RepRap, ya jagoranci boren da aka kira Occupy Thingiverse, wasu suka kwashe zane-zanensu. A Yunin 2013 Stratasys ya sayi MakerBot a kan hannun jari na kimanin dala miliyan 403, Thingiverse na ciki. Darasin da masu zane suka ɗauka ya tsaya musu a rai: duk zanen da aka ɗora yana da lasisi biyu, wanda mai shi ya zaɓa da wanda mai shafi ya rubuta, kuma shafi na iya sauya hannu.

Inda doka ta tsaya

Akwai wani rauni da ya fi wannan zurfi. Lasisin Creative Commons a kan dokar haƙƙin mallaka yake tsaye, wadda aka gina domin littafi da waƙa da hoto da sassaƙa. Inda wannan haƙƙi bai kai ba, lasisin ma bai kai ba. A dokar Amurka, inda manyan shafukan farko suke, siffar da aiki ya tilasta ba ta samun wannan kariya. Mutum-mutumin dodo aikin fasaha ne. Maƙalar da ke riƙe bututu a bango kayan aiki ce, kariyarta sai ta rajistar ƙirƙira, wadda ake nema da kuɗi, ake tantancewa, kuma ba ta wuce shekara 20. Fayil ɗin maƙalar na iya samun kariya a matsayin zane, amma wanda ya duba ya ƙera maƙalar, ko ya auna ta ya sake zana tasa, da wuya a kama shi. Sakamakon abin mamaki ne: sharaɗin hana kasuwanci ya fi ƙarfi a kan kayan wasa, ya fi rauni a kan kayan da injiniya ya fi shan wuya a kansu.

Shari'ar Meshwerks ta nuna wani gefen raunin. An ɗauki wannan kamfani na jihar Utah ya yi samfurin kwamfuta na motocin Toyota domin talla. Ma'aikatansa suka lulluɓe motocin da layukan tef, suka auna, sannan suka shafe awa 80 zuwa 100 a kan kowace mota suna gyara layuka da hannu. Kamfanin ya ce izinin amfani sau ɗaya ya bayar, amma aka ci gaba da amfani da samfuran a wasu tallace-tallacen. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncin da Neil Gorsuch ya rubuta tun kafin ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ta ce samfuran kwafin motocin Toyota ne, babu wata sabuwar fasaha ta Meshwerks a ciki, don haka babu haƙƙin mallaka. Gumi da yawan awanni ba su isa ba. Kotun ta bayyana cewa samfurin kwamfuta na iya samun kariya idan mai shi ya zo da nasa, amma wanda ya fi ƙwarewa wajen kwaikwayon abu daidai shi ya fi rasa ta.

Ko a inda haƙƙin yake da ƙarfi, ba kasafai ake zuwa kotu ba. A Fabrairun 2016 wata mai zane ta ga wani shago a eBay yana tallar buga dodonta, wanda ta saki da sharaɗin hana kasuwanci, tare da tarin wasu zane-zanen da aka kwaso daga Thingiverse. Masu shagon suka amsa mata cewa abin da aka ɗora a fili ya zama na kowa. Ta mayar da martani da ɗora zanen wata fuska mai baƙin ciki tare da bayanin abin da ya faru, sauran masu zane suka yi ca, aka cire tallace-tallacen. Abin da ya yi aiki shi ne surutun jama'a da tsarin nan na aika wa mai shafi takardar ƙorafi ya sauke kaya, wanda dokar Amurka ta 1998 ta kafa, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta zo da makamancinsa. Tsari ne mai sauri da arha, amma hukuncin farko a hannun mai shafi yake, shi kuwa mai shafi kare kansa ne a gabansa.

Injiniyoyin cibiyar binciken CERN da ke Turai sun dubi wannan duka suka rubuta nasu lasisin domin kayan ƙira, a 2011, suka sabunta shi a 2020 ya zama kashi uku: mai tsananin tilasta raba gyara, mai sassauci, da wanda ya sakar wa mai karɓa mara. Abin lura shi ne ba su yi yunƙurin hana gyara ba. Sun nemi wanda ya gyara ya rubuta cewa ya gyara, da kwanan wata da taƙaitaccen bayani. A nau'o'in da ke tilasta rabawa kuma, wanda ya ƙera kaya ya miƙa wa wani dole ya ba shi cikakken zanen ko ya nuna masa inda zai same shi. Sun haɗa da izinin amfani da rajistar ƙirƙira, abin da Creative Commons ya ware a fili. Sun haƙura da tare hanya, suka zaɓi a riƙa barin sawu.

Masu Arduino, ƙaramin allon lantarkin da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, sun riƙe wani abu daban. Zanen allon a buɗe yake, kowa na iya ƙerawa ya sayar, kuma masana'antu da yawa sun yi. Sunan ne aka yi wa rajistar alamar kasuwanci. Kowa na iya fitar da nasa allon, amma masu sunan ne kaɗai ke iya cewa ga Arduino na gaba. Darajar wannan iko ta fito fili a 2015, lokacin da waɗanda suka kafa aikin suka rabu gida biyu suka shiga kotu. A kan sunan suka yi shari'a, domin zanen babu abin da za a yi jayayya a kansa. Sai da ɓangare ɗaya ya koma sayar da allunansa da sunan Genuino a wajen Amurka, kafin a sasanta a 2016.

Annobar korona ta nuna cewa maganar sabuntawa ta wuce kishin mai zane. A Maris 2020 kamfanin Prusa ya zana garkuwar fuska ta ma'aikatan lafiya cikin kwana uku, Ma'aikatar Lafiya ta Cek ta duba ta, aka saki fayil ɗin da sharaɗin hana kasuwanci. Cikin ɗan lokaci aka yi siga ta farko, ta biyu, ta uku, ana gyarawa bisa abin da masu amfani suka faɗa. Sai dai wanda ya sauke ta farko ya tura wa abokinsa, babu abin da zai sanar da abokin cewa an wuce nan, kuma ma'aikaciyar jinyar da aka miƙa wa garkuwar ba ta da hanyar sanin wace ce a goshinta. A Amurka, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa tare da hukumar kula da abinci da magunguna da ma'aikatar tsofaffin sojoji suka ware rumbu ɗaya, ana gwada zane a sa masa shaidar cewa an duba shi don amfanin asibiti. Ba a hana kowa kwafa ba. An dai samar da wuri guda da mai neman sahihin zane zai nufa.

Komawa ɗaki ɗaya

Hanya ɗaya ce ta ba da cikakken iko, ita ce hana fayil fita kwata-kwata. Jon Hirschtick, wanda ya kafa SolidWorks a 1993, ya dawo a 2012 da wani kamfani da ya zama Onshape. A tsarinsa babu fayil a kwamfutar kowa. Zanen na zaune a rumbun kamfanin, ana shiga ta intanet. Mai zane na ba wannan izinin kallo kawai, wancan izinin gyara, ya hana ko ya halatta kwafa da fitarwa, kuma yana iya janye izinin duk lokacin da ya so. Wanda ya jingina aikinsa da wani sashe na zanen yakan ga alama idan sabuwar siga ta fito. Mafarkin Sutherland ne ya dawo, uwa da 'ya'ya a ɗaki ɗaya, illa dai ɗakin yanzu na wani ne. A 2019 kamfanin PTC ya sayi Onshape a kan kimanin dala miliyan 470. Wanda ke amfani da shi kyauta kuwa, sharaɗin shi ne duk zanensa a fili yake ga kowa. Sirri na mai biya ne.

Kayan aro ba ya rufe katara. A Satumbar 2020 Autodesk ya sanar da taƙaita lasisin kyauta na Fusion 360: zane goma kaɗai mutum zai iya buɗewa don gyara a lokaci guda, kuma za a cire damar fitar da fayil ɗin STEP, wato babbar ƙofar da mutum zai bi ya kwashe aikinsa zuwa wata manhaja. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya janye batun STEP, sauran suka tabbata. A Maris 2022 Autodesk ya dakatar da harkokinsa a Rasha saboda yaƙin Yukren. A 2023 Stratasys ya rufe GrabCAD Workbench, rumbun da ƙananan kamfanoni da yawa ke raba zane a cikinsa kyauta, aka ba su wa'adi su kwashe kayansu. Ga ofishin da ke samun kuɗinsa da naira yana biyan hayar manhaja da dala, ko faɗuwar darajar kuɗi irin wadda ta biyo bayan Yunin 2023 ta isa ta shiga tsakanin injiniya da zanen da ya yi da hannunsa. Ikon da mai zane ya samu a kan abokan hulɗarsa, irinsa mai rumbu ya samu a kansa. Kuma ko a can, ranar da aka ba wani izinin fitar da fayil, ko aka miƙa masa ƙerarren kayan ya ɗauki ma'auni, an koma gidan jiya.

Shi ya sa kamfanonin da zanensu ke da tsada ba sa dogara da lasisin da ake liƙawa a shafi. Kwangila suke sa hannu da wanda suka sani, wadda ta fayyace wace siga aka bayar, don wane aiki, har zuwa yaushe, da wanda zai ɗauki asara in aka ƙera kaya da tsohon zane. Kwangila na ɗaure wanda ya sa hannu ko da zanen ba shi da haƙƙin mallaka. Iyakarta ita ce ba ta bin fayil zuwa hannu na uku.

A ranar 14 ga Fabrairun 2025, wata guda bayan hayaniyar, NTI ya sanar da cewa ya saki 3DBenchy gaba ɗaya a ƙarƙashin CC0, wato ya yafe haƙƙinsa, jirgin ya zama na kowa. Wannan sauyin kaɗai dama lasisin farko ya bari a buɗe, domin ana iya ƙara sassauci amma ba a iya ƙara tsanani a kan abin da ya riga ya fita. Sauye-sauyen da aka hana rabawa suka halatta. Kamfanonin firinta kuma suka ci gaba da tallata na'urorinsu da yawan mintunan da suke ɗauka kafin su gama buga jirgin, kuma wanda suke nufi shi ne na Afrilun 2015, mai tsawon milimita 60.